Masoyanmu na Bayan Gabi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗinka wa kaina riga mai ƙyalli don in je in gaisa da masoyana ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar. Ni tela ne a Madarumfa, shagona yana kan hanyar da ke gangarawa tafki. Wanda ya gan ni yau, tef a wuya, allura a baki, ina rigima da mata a kan tsawon hannun riga, ba zai ce na taɓa zama tauraro ba. To, gaskiyarsa, ban taɓa zama ba. Amma akwai wata rana da na yi imani na zama, kuma imanin ya riƙe ni tun daga hantsi har azahar.

Mu uku ne muka kafa ƙungiyar kiɗa. Ni ke riƙe da gita. Lawali, ɗan gidan masunta, shi ke dukan ganguna da irin ƙarfin da yake jan taru. Sai Iliya, wanda ke waƙa yana kaɗa bas, gitar nan mai kaurin sauti. Iliya ɗan Maraɗi ne, Kirista, an turo mahaifiyarsa aikin ungozoma a asibitin garinmu lokacin muna kolej. Malamin aji ya zaunar da shi a bencina don babu wani gurbi, shi ke nan aka haɗa ni da abokin da ban sake yin irinsa ba. Da azumi a gidanmu yake shan ruwa, ya fi mai azumin cin ƙosai. Da Kirsimeti kuwa ni ke fara sallama a gidansu, tun shinkafa ba ta nuna ba.

Shi ya jawo mana wannan fitina. Bayan mun bar makaranta, ni na kama ɗinki, shi ya kama gyaran rediyo da lasifika, sai wata rana ya tsinci wani kwali a siton cocinsu na Maraɗi, cike da tsofaffin kaset-kaset da wani Bature ya tafi ya bari. Muka kunna a shagona. Waƙoƙi ne gajeru, gita na ruri, ganga na gudu, amma da an zo amshi sai muryoyi uku su hau kan juna su yi wani irin zaƙi mai sa mutum kewar abin da bai taɓa samu ba. Ko kalma ɗaya ba mu gane ba. Iliya ya saurara, ya saurara, sannan ya ce, "Abin ga fa, in anka yi shi da Hausa?" Na ajiye almakashi. Da na sani da na ci gaba da yankan wandon mutane.

Kayan kiɗa coci ta ba mu aro, waɗanda suka tsufa aka jingine, Iliya ya zauna ya tashe su. Muna gwaji a bayan shago da la'asar in akwai wuta. Na raɗa mana suna Taurarin Tafki (ni kaɗai na raɗa, kada a ɗora wa sauran). Iliya ke tsara waƙoƙin, duk na soyayya da rabuwa, shi da ko budurwa ba shi da ita a lokacin. Ya koya mana hawa murya irin ta mawaƙan coci, ni a sama, Lawali a ƙasa, shi a tsakiya. Muryarsa fa ba irin ta masu ihu ba ce. Sanyi gare ta, a hankali take fita, in ya ja ƙarshen baiti sai ka ji kamar an kira sunanka daga nesa. Sau da yawa nakan ɓata kiɗa don na tsaya saurarensa.

Da waƙoƙi suka taru muka ce sai albam. Na yi ɗinkin Sallah har idona ya yi ja, Lawali ya yi ta bandar kifi yana kaiwa Maraɗi, Iliya ya gyara duk wata matacciyar rediyo da ke Madarumfa. Sutudiyon da muka samu ɗaki ɗaya ne a wata unguwa ta Maraɗi, an lilliƙa katifu da kwalayen ƙwai a bango, ba taga, zufa har cikin takalmi. Mai wurin ya saba da mawaƙan biki masu fiyano, waɗanda ke zuwa su jera sunan amarya da na ƙawayenta su tafi. Da na taka ɗan akwatin da ke sa gita ruri, mutumin ya cire abin kunnensa ya dube ni.

"Malam tela, gitar ga taka lahiya take?"

"Haka ake yin ta," na ce.

"To, ko in rage ta kaɗan?"

Ya rage, na sa ya ƙara. Ya faki idona ya sake ragewa, na kama shi. A ƙarshe ya ɗaga hannu ya ce albam ɗinmu ne, ba nasa ba. Kowace waƙa sai da na keɓe mata wurin da kowa zai yi shiru gita ta yi magana ita kaɗai. A wata mai suna "Kwalekwale Biyu" kuwa na saki hannu gaba ɗaya, na yi ta jan tsirkiya tana kuka har Lawali ya gaji ya rage duka. (Har yau ina ganin wurin nan ya yi kyau. Ni kaɗai ke gani, amma ina gani.) Muka sa wa albam suna "Bakin Tafki da Yamma". A motar komawa gida Iliya ya riƙe katin da aka zuba mana waƙoƙin a tafin hannunsa, ɗan abu bai wuce farce ba, yana ta kallonsa yana murmushi.

Sai aka zo wajen jama'a. Mun yi bikin fitarwa a gidan matasa da la'asar, muka jera kujeru masu yawa, yara suka hau rabi, rabi kuma suka huta. Innata da maman Iliya suna sahun gaba, kowace ta toshe kunne ɗaya da gefen mayafi cikin dabara don kada mu gani. Da aka tashi wata hajiya ta tare ni, ta ce ta zauna tun farko har ƙarshe ba ta ji an ambaci sunan kowa ba, to wa zai tashi ya yi mana liƙi? Ƴan fadarmu, inda muke shan shayi, suka ce waƙa ta yi daɗi amma ba ta rawuwa: in ka bi ganga ka faɗi, in ka bi murya ka yi kuka. Rediyon gari ta sa mu sau ɗaya, mai gabatarwa ya danne sautin ya karanta cigiyar akuya a kai. Innata kuwa cewa ta yi, "Allah shi yi albarka. Amma ku riƙa haƙuri da juna, ni na ji kamar hwaɗa kuke."

A wajenmu ba wanda ke sayen albam, kowa ya sani. Waƙa tana yawo ne ta hannun masu zuba wa mutane waƙoƙi a katin salula. Don haka muka kai wa Sabi'u, mai rumfar cajin waya a bakin kasuwa, muka ce duk wanda ya zo ya haɗa masa da namu, ko bai tambaya ba. Muka koma muka zauna jiran duniya ta neme mu. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noma, gero ya yi ciki, duniya ba ta zo ba.

Wata la'asar Iliya ya shigo shago ya zauna a kan buhun ƙyallaye, ko kallon bas ɗinsa bai yi ba. Ya ce yayansa da ke Jos, can Najeriya, ya samo masa aiki a wani babban shagon kayan sauti, har da ɗakin kwana. Mamansa ma ta kusa ajiye aiki, Maraɗi za ta koma. Yayan ya ce ya taho da an gama kaka.

Na ci gaba da taka keke kamar ban ji ba, har na ɗinke aljihun wani bawan Allah ruf.

"Ni ba kuɗi nike biɗa ga waƙa ba, ka sani," in ji shi. "Amma hal yau duk wanda ya ce muna ta yi daɗi, ko uwarmu ce ko abokinmu. Mutum guda nike so. Wanda bai san mu ba, bai jin kunyarmu. In ya ce yana son abin ga, ni ko sai in zauna."

Ba ƙungiyar nake tsoron rasawa ba, shi nake tsoron rasawa, don ban san yadda Madarumfa take ba in babu shi a cikinta. Tun daga ranar na shiga neman mutum gudan nan kamar mai neman ɓataccen rago. Duk baƙon da ya kawo ɗinki sai na kunna masa albam kafin in gwada shi. Wani direba ya saurara har tsakiya, ya tambaye ni ko rediyon ce ta lalace.

An yanke gero, dawa ta fara nuna, ranar kasuwa ina wucewa sai Sabi'u ya ƙwala mini kira.

"Tela! Taho ka ji. Waƙoƙin nan naku fa sun tashi."

"Sun tashi ina?"

"Mutanen wani ƙauye can bayan Gabi. Kasuwar da ta wuce guda ya zo, yau ko sai zuwa suke. Kuma ba samari ba, dattawa da gemunsu. Cewa suke in share komi cikin kati in zuba naku kaɗai."

"Namu kaɗai?"

"Naku kaɗai. Hal lasifika mai sola suke saye don su."

Mai hankali zai tsaya ya tambaya, me dattawa masu gemu ke yi da waƙar soyayya mai rurin gita? Sabi'u bai tambaye su ba, shi ciniki ya dame shi. Ni kuma ban tambaya ba don na riga na san amsa: mutanen karkara zuciyarsu a wanke take, sun ji abin da ƴan gari suka kasa ji. Kafin in isa shago na gama tsara jawabin da zan yi musu, har da wurin da zan yi shiru don a tafa.

Akwai ragowar wani yadi shuɗi mai ƙyalli da ƴan matan amarya suka yi anko da shi. Na yanka mana riguna, na matse tawa a ƙugu, na yi mata ƙatuwar kwala. Lawali ya ɗaga tasa ya juya ta, ya ce shi kifi na kamuwa a kwanakin nan, mu gaishe masa da su. Iliya ya ce mu aika tukuna mu ji ko suna son baƙi. Na ce masa tauraro ba ya aike, bayyana yake yi. Ya saka rigar don kada raina ya ɓaci, amma ya ɗora tsohuwar jaket a kai. Ni kuwa na ƙara da baƙin tabarau, na rataya gita a baya (gita mai lantarki, ƙauyen kuma ba wuta, na sani sarai, don ado na ɗauko ta). Muka hau motona mai ƙafa biyu da hantsi muka kama hanyar Gabi.

Hanya ta yi kyau ranar. Dawa ta fi mutum tsawo, kawunanta sun sunkuya don nauyi. Iliya na bayana yana ɗan rera wani amshi a kunnena, na shigo da tawa muryar a sama, muka yi ta yi har muka wuce Gabi muka sauka daga babbar hanya.

A tsakiyar ƙauyen muka tarar da dattawa a gindin tsamiya. Na kashe moto, na yi sallama, na zare tabarau a hankali kamar yadda na gwada a madubin shago. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi mutanen gida, duk idonsu na kan rigata. Sannan na gyara murya na ce mu ne Taurarin Tafki. Suka dubi juna. Na ce, masu waƙoƙin da ake zubo muku a kati daga Madarumfa.

Wani dattijo mai farin gemu, wanda daga baya na ji ana kiransa Baba Nomau, ya miƙe zumbur har hularsa ta karkace.

"Ku ne? Ku da kanku? Allahu akbar! Kai jama'a, ku taho ku ga bayin Allah da sunka taimake mu bana!"

Kafin ka ce me wuri ya cika. Aka shimfiɗa mana sabuwar tabarma, aka kawo fura a ƙwarya, wata tsohuwa har guɗa ta yi. Maza suka yi layi suna ba mu hannu bibbiyu. Na miƙe na yi jawabina. Na ce mun sha wahala, na ce mutanen gari sun yi mana dariya, na ce amma waƙa ta gaskiya ba ta ɓata, tana nemo masu kunne ko a ina suke, kuma yau mun ga masu kunne. Na yi shiru a wurin da na tsara. Ba a tafa ba, amma an ce "Madalla" da ƙarfi, na karɓa a haka.

"Baba," na ce, "cikin waƙoƙin, wace ta hi shiga ranku?"

"Mu ba mu san sunansu ba, ɗana. Amma akwai wadda ƙarhe ke kuka a tsakiyarta, shi yi ta yi, shi yi ta yi, kamar ba shi ƙarewa. Wagga ita ce uwarsu."

Sauran suka gyaɗa kai. "Wagga kam ba ta da na biyu," in ji wani.

"Wane ne mai ƙarhen cikinku?"

Na dafa ƙirjina. Aka sake yin layi ana ba ni hannu. Na waiwaya don Iliya ya ga yadda gaskiya ke halinta, sai na ga ya cire jaket, rigarsa na ƙyalli a fili, idonsa ya kawo ruwa. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ashe da gaske ne." Wannan maganar ita ce ta fi yi mini ciwo in na tuna, don a lokacin ya yarda, kuma ni na sa shi ya yarda.

"Ku tashi mu tai ku gani da idonku," in ji Baba Nomau.

Na ɗauka wani dandali gare su inda ake taruwa a saurare mu. Muka bi shi, jama'a na biye da mu, ni a gaba da gita a baya ina tafiyar ƙasaita. Muka wuce gidaje, muka wuce rumbuna, muka shiga wata siririyar hanya tsakanin gonakin dawa. Can sai na fara jin ta. Muryar Iliya ce ke tasowa daga hannun dama, wata waƙar kuma daga hagu, wata can nesa iska na kawo ta tana mayarwa. Gonaki ko'ina suna rera waƙoƙinmu. Ban taɓa jin abu mai daɗi irin wannan ba, kuma ban sake ji ba. Na miƙa wuya ina neman taron masu saurare.

Babu kowa. Abin da ke tsakiyar gonar Baba Nomau wani gungume ne a kafe, an ɗaure masa lasifika da tsumma, an ɗora ɗan farantin sola a kai. Gefensa mutum-mutumi ne da yagaggiyar riga, an rataya masa ledoji masu ƙyalli suna kaɗawa.

"Jan-baki, ɗana," in ji Baba, yana nuna sama. "Tsuntsayen ga bara sun kusa bar mu da kara tsura. Da can yara ke tsaro, su hau rumhwa da gwangwani da majajjawa tun sahe. To yanzu dawa na nuna lakkwal, makarantar boko, na buɗewa, anka ce ko yaro guda kada a riƙe. Munka gwada waƙoƙin biki, suna ci suna saurare. Wa'azi da karatu ko, ka san ba a barinsu cikin daji ba mai ji. Rannan ɗana na gona da salula tai, abinku ya shigo, ƙarhen ya yi kuka. Wallahi sai munka ga sama ta yi baƙi. Bari ka gani."

Ya kashe lasifikar, ya ce kowa ya yi shiru. Muka tsaya a rana. Ba a daɗe ba suka fara sauka daga itatuwa, kaɗan-kaɗan, sannan da yawa, har kawunan dawa suka soma rawa. Baba ya lallaɓa ya danna, ya kai daidai tsakiyar "Kwalekwale Biyu" (ya san wurin fiye da ni). Gitata ta tsala ihu. Gonar gaba ɗaya ta tashi fir, garken ya yi sama ya karkata ya nufi yamma ko waiwaye babu. Nan ne aka tafa, tafin da na jira a gindin tsamiya. Wani ya buga kafaɗata ya ce Allah ya ƙara wa hannun nan albarka.

Na tsaya da baƙin tabarau a hannu, zufa na bin ƙatuwar kwalata. Na so ƙasa ta tsage, amma ƙasar gona ce mai albarka, ba ta da lokacina.

"Tunda ka taho da ƙarhen, taɓa muna shi mu gani," in ji wani. Na ce sai da wuta. Suka ce in dai taɓa. Na sauke gita na ja tsirkiya, ta yi wani ɗan ƙyas da ko ni da kyar na ji. Wani jan-baki guda da ya rage a kan kara ya dube ni ya ci gaba da cin abincinsa. Baba ya ce ba komai, a kati ya fi ƙarfi.

"Sai dai gyara guda muke roƙo," ya ƙara, cikin ladabi ƙwarai. "In ƙarhen ya yi shiru, yaron nan ya ɗauko waƙa da muryar ga tashi mai sanyi, sai su dawo su sauka. Hal bisa lasifikar suke zama. In da hali ku yi muna wani, ku hidda mai waƙar, ku bar ƙarhen kaɗai." Ya dubi ƙirjina, sannan ya dubi mutum-mutuminsa. "Rigar ga taka ma, in ka gama da ita, kada ka yar."

Nan Iliya ya fashe. Ya yi dariya har ya durƙusa, ya zauna daɓas a kan kunyar gona, ya riƙe ciki, hawaye na zuba. Mutanen suka taya shi ba su san dalili ba. Ni ma na buɗe haƙora, don ba abin da ya rage mini. Ba wanda ya yi nufin wulaƙanta mu a wurin, godiya suke yi tsakaninsu da Allah, kuma wannan ne ya sa abin ya fi zafi. Suka raka mu har gindin moto, suka ɗaura mana zakara a bayan sirdi, suka ce in an yi girbi damin dawa na nan tafe.

Da la'asar muka iso bakin tafki, Iliya ya ce in tsaya. Muka zauna a kan wani kifaffen kwalekwale, zakara na ta kuka a jikin moto. Masunta na can tsakiyar ruwa, masu lambu na ban ruwa a gefe. Dariyar ta riga ta ƙare masa tun a hanya.

"Ka samo su dai," in ji shi. "Ba su san mu ba, ba su jin kunyarmu, kuma suna so."

"To, ka zauna ke nan," na ce da sigar wasa.

Ya yi murmushi. "Kai ma ka sani ba haka nike nufi ba."

Ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana, kuma na san jira yake. Ba maganar albam yake jira ba, wannan ta mutu a gonar Baba Nomau. Jira yake in ce masa ni, ni ɗin nan da muka zauna benci ɗaya, ba na so ya tafi. Na buɗe baki in faɗa. Sai na dubi moto na ce tayar baya kamar ta rage iska. Ya dubi tayar shi ma, ya ce e, ta rage. Muka tashi.

Da aka gama kaka ya bi ta iyakar Ɗan Issa ya tafi Jos. Muka mayar wa coci kayanta, Lawali ya koma wa tarunsa. Damin dawa ya iso kamar yadda aka yi alkawari, tare da shi kuma labari ya iso, don mai amalanken da ya kawo bai bar kowa bai faɗa wa ba. Har yau in kaza ta shigo fada muna shan shayi, sai wani ya ce, "Tela, taɓa gita mana." Iliya yana can Jos, ya yi aure, yana da ɗiya mace, yana waƙa a cocinsu. Yakan kira ni da Sallah, ni in kira shi da Kirsimeti. Mukan tambayi iyali, mu tambayi aiki, ya ce yaya masoyanmu, mu yi dariya, sai katin waya ya ƙare. Ina kewarsa ƙwarai, kuma wannan ma a nan kaɗai na iya faɗa.

Sabon albam ɗin da Baba Nomau ya roƙa ban yi ba, don haka tsohon suke sawa har yanzu. Duk shekara in dawa ta nuna sai in ƙirƙiro wani ɗinki da zan kai wajen Gabi. In kashe moto a bakin gona, in jure ihun gitata har ya wuce, in jira wurin da take yin shiru ya ɗauko baiti. Tsuntsaye su dawo su sauka, ni ma in zauna.

In darasi kuke so, ga shi: in aka ce maka ana son waƙarka a wani gari, kafin ka yanka riga ka tambaya masu sauraren suna da fuka-fuki ko babu. Darasi na biyu kuwa a makare ya zo mini. In kana son mutum ya zauna, ba sai ka je bayan Gabi neman mai ba da shaida ba. Jan-baki, da kansa bai kai goro ba, in ya ji muryar da yake so ya san ya dawo ya sauka kusa da ita. Ni ina zaune gefenta a bakin tafki, na ce taya ba iska.